Yadda ake ciro fayiloli daga diskin VirtualBox ko VMware in injin ya ƙi tashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Watan jiya wani ɗalibi ya taso daga Aliero har shagona nan Birnin Kebbi, ido ya yi ja, furojet ɗinshi na shekarar ƙarshe duk yana cikin Ubuntu da ya ɗora kan VirtualBox, aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin kuma dama ya daɗe da mutuwa, ko da ya sake kunnawa sai baƙin allo da rubutun da bai gane ba. Har wani abokinshi ya ba shi shawara ya goge ya sake sabo. Allah ya taimake shi bai bi ba. Cikin minti 40 muka kwaso mishi komi, kuma injin har yanzu bai tashi ba, don ba mu ma bi ta kanshi ba.

Abin da nike so ka fara ganewa ke nan. Kwamfutar ciki, wato wadda ake ɗorawa cikin wata kwamfutar da manhaja irin VirtualBox ko VMware, ita nike kira injin, duk diskinta fayil ne kawai zaune a kan kwamfutarka ta gaske. Mota in ta lalace a hanyar Jega ɗauke da buhunan albasa ai ba sai an gyara inji kafin a sauke kaya ba. To haka nan ma, fayil ɗin za mu buɗe mu sauke kaya. Amma fa sharaɗi ɗaya ne zan yi ta maimaitawa har ka gaji da ni: ba a aiki a kan asali, a kan kwafi ake yi, kuma ko kwafin ma kallo kawai ake buɗe shi ba rubutu.

Kayan aiki

Diskin waje mai sarari sosai, aƙalla ninki 2 na girman foldar injin. Tsarin fomat ɗinshi ya kasance NTFS ko exFAT. In FAT32 ne ka manta da shi, ba ya karɓar fayil da ya kai giga 4, kuma mafi yawan filasha da ake saye a kasuwa da FAT32 suke zuwa.

7-Zip sabon fitowa, kyauta ne kuma ƙarami, ba zai ci maka data ba.

Filasha mai giga 8 da Ubuntu a kai, da manhajar Rufus ake ƙona shi. Fayil ɗin Ubuntu 24.04 ya kai kusan giga 6, saboda haka in datarka ba ta kai ba ka nemi wani mai gyara ya tura maka, kusan kowa na da shi. In kana da kwamfuta mai Linux dama, ba ka buƙatar wanga.

Wuta tabbatacciya. Inbata, sola ko janareta mai isasshen mai. Kwafin giga 80 zuwa diskin waje na iya cin fiye da rabin awa, in wuta ta yanke a tsakiya daga farko za ka koma. Kuma lokacin zafin Afrilu ka ɗaga laftof ɗin daga kan katifa ko darduma ya sha iska, na sha ganin ya mutu da kanshi a tsakiyar kwafi don zafi.

Sai izinin mai kaya. Diskin mutum akwai hotunan iyalinshi da takardunshi, amana ce. Ni nikan sa ya zauna gefena ya nuna mini foldar da yake so, sauran ban buɗewa.

Mataki na 1: kashe injin sosai, ka nemo foldarshi

Ka tabbatar injin ba ya aiki, ka rufe manhajar gaba ɗaya. Kwafin diski injin na kunne kamar ɗaukar hoton yaro ne yana gudu, abin da za ka samu ba zai fita daidai ba. In VirtualBox ta nuna Saved, to akwai aikin da ke cikin ƙwaƙwalwa bai sauka diski ba, kada ka danna Discard tukuna, kwafi dai ka fara yi.

Inda suke zama: VirtualBox tana ajewa a foldar VirtualBox VMs cikin foldar mai amfani a C, diskinta na ƙarewa da .vdi. VMware Workstation tana ajewa a Documents cikin Virtual Machines, nata .vmdk ne. Hyper-V ta Microsoft tana amfani da .vhd tsoho da .vhdx wanda ya zo tare da Windows 8 da Windows Server 2012. Masu QEMU da Proxmox kuma sau da yawa .qcow2 ne, a Linux mai libvirt za ka same su a /var/lib/libvirt/images. In .ova aka ba ka, wanga ƙunshi ne kawai irin na tar, ka kwance shi da 7-Zip za ka ga .vmdk a ciki.

Mataki na 2: kwafi foldar gaba ɗayanta

Gaba ɗaya na ce, ba fayil ɗin da ya fi girma kaɗai ba. A Windows ni robocopy nike amfani da shi don ya fi jawowa da linzami haƙuri, a Command Prompt ake buga shi:

robocopy "C:\Users\sunanka\VirtualBox VMs\Ubuntu" "E:\kwafi\Ubuntu" /E /R:1 /W:1

Bayan ya gama ka gwada ko kwafin ya yi daidai da asali. Ka buga wanga a kan asalin, ka sake bugawa a kan kwafin:

certutil -hashfile Ubuntu.vdi SHA256

A Linux kuma sha256sum ne. Dogon layin lambobi da haruffa zai fito, in na biyun sun zo iri ɗaya sak to kwafi ya yi. Yana cin lokaci, mutane na tsallake shi, amma diskin waje na bogi sun cika gari, wanda za a rubuta tera 1 a jikinshi alhali cikinshi bai kai ba, zai karɓi fayil kamar gaske sai ranar buɗewa ka ga wayam.

In kwafin ya riƙa tsayawa a wuri ɗaya, ko kana jin diskin laftof ɗin na ƙaf-ƙaf, tsaya nan. Matsalar ba ta injin ciki ba ce, diskin gaske ne ke mutuwa. Ka tada Ubuntu daga filasha ka yi amfani da ddrescue, a Ubuntu sunan ƙunshinshi gddrescue, shi yana tsallake wurin da ya lalace ya kwashe mai kyau tukuna sannan ya dawo.

Mataki na 3: duba ko akwai sinafshot

Nan ne zan daɗe, don nan ne na taɓa yin kuskuren da har yau yana damuna. Shekarun baya wani mai kemis ya kawo mini kwamfutar da lissafin shagonshi ke ciki. Na kwafi babban .vdi, na buɗe, na ga fayiloli, na ba shi, ya tafi yana godiya ya sa aka yi wa kwamfutar fomat. Bayan kwana 2 ya dawo, lissafin da na ba shi ya tsaya tun watanni 8 baya. Duk bashin da yake bin mutane na waɗannan watanni ya tafi, kuma laifina ne, ban leƙa foldar Snapshots ba.

Ga yadda abin yake, sinafshot ajiyar yanayin injin ce a wani lokaci don a iya komawa gare shi. Ranar da aka ɗauki sinafshot, babban diskin daskarewa yake yi, ba a ƙara rubuta komi a cikinshi. Duk sabon aiki wani ƙaramin fayil na daban yake shiga. Ƙaramin shi kaɗai ba ya buɗuwa, babban kuma shi kaɗai tsohon labari ne, sai an haɗa su. In sinafshot 3 ne to sarƙa ce mai ƙulli 4, ɗaya ya ɓata na bayanshi duk sun tashi aiki.

Yadda za ka gane su: a VirtualBox akwai foldar Snapshots da fayilolin .vdi masu dogon suna na lambobi da haruffa. A VMware za ka ga suna mai ƙarewa da -000001.vmdk, -000002.vmdk haka. A Hyper-V .avhdx ne. A qcow2 ka buga qemu-img info --backing-chain da sunan fayil, qemu-img ɗin a cikin qemu-utils na mataki na 6 yake, zai jero maka sarƙar.

Kada ka rikita waɗanga da fayilolin VMware masu -s001.vmdk, -s002.vmdk. Su diski ɗaya ne aka yanka gunduwa-gunduwa, akwai ɗan ƙaramin .vmdk marar lamba da ke riƙe da bayaninsu, shi ake nuna wa manhaja, kuma dole duk su zauna folda ɗaya. Haka in ka ga -flat.vmdk, ƙaramin da ke gefenshi kada ka raina shi ka bar shi a baya.

Haɗa su: a VirtualBox hanya mafi sauƙi ita ce ka danna dama a kan injin ka zaɓi Clone, sai Full clone, sai Current machine state. Zai fito maka da diski ɗaya dunƙulalle mai komi har na ranar ƙarshe, kuma asalin karanta shi kawai yake yi. In a wata kwamfutar kake aiki da kwafi, ka shiga Machine sai Add ka nuna mata fayil ɗin .vbox tukuna. A VMware ka buɗe fayil ɗin .vmx da Notepad ka nemi layin da ke da fileName mai ƙarewa da .vmdk, shi ne diskin da injin ke kai yanzu, don ba kullum mai babbar lamba ne na ƙarshe ba. Shi za ka ba umarnonin da ke mataki na 6 da na 7, za su bi sarƙar da kansu. A Hyper-V kuma Edit Disk, ka zaɓi .avhdx na ƙarshe, Merge, ka ce ya haɗa zuwa sabon diski ba cikin uwar ba, wato babban diskin.

Gargaɗi babba: muddin akwai sinafshot kada ka buɗe babban diskin ta hanyar da za a iya rubutu a ciki. Ko ɗigo ɗaya ya canza, 'ya'yan ba za su ƙara gane uwarsu ba. Haka nan umarnin sethduuid da za ka ga ana ba da shawara in VirtualBox ta yi ƙorafin UUID, wato lambar shaidar diskin, ya maimaitu, yana aiki a diskin da ba shi da sinafshot, amma a mai sinafshot yanke sarƙar yake yi.

Mataki na 4: fara gwada 7-Zip

Yawancin aikin da ke zuwa shagona nan yake ƙarewa. Danna dama a kan kwafin, 7-Zip, Open archive. A Windows 11 sai ka danna Show more options kafin ka gan shi. Yana buɗe vdi da vmdk da vhd da vhdx da qcow2, yana kuma karanta NTFS da FAT da ext4. Za ka ga fatishan-fatishan, wato ɓangarorin da aka raba diskin, da sunaye irin 0.ntfs, 1.ntfs ko 1.img, wanda ya fi girma shi ne naka, danna shi sau biyu. In Windows ce a ciki ka nufi Users, in Linux ce ka nufi home.

Ka yi amfani da maɓallin Extract ka nuna mishi diskin waje. In ka jawo da linzami sai ya fara zubawa a foldar wucin gadi ta C, in C ta cika aikin ya tsaya. Abin da nike so da 7-Zip shi ne ba ya rubuta komi a cikin diskin, shi ya sa nike fara ɗora ɗalibaina a kanshi. Inda yake gazawa: XFS irin na Rocky da CentOS, btrfs irin na Fedora, da diski mai kulle. In ya tsaya ya ƙi shiga wata fatishan, wuce mataki na 6.

Mataki na 5: jona shi a Windows kamar diskin waje

In Windows ce a cikin injin kuma fayilolin na da yawa, wanga ya fi daɗi don za ka iya bincike da suna. Windows vhd da vhdx kaɗai ta sani, saboda haka in vdi ne sai an juya shi. Ka buɗe Command Prompt a C:\Program Files\Oracle\VirtualBox ka buga:

VBoxManage clonemedium disk "E:\kwafi\diski.vdi" "E:\kwafi\diski.vhd" --format VHD

Sai ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta diskmgmt.msc, ka shiga Action, Attach VHD, ka nuna fayil ɗin, ka sa alama a Read-only. Wagga alama ita ce duka aikin. Kada ka danna fayil ɗin sau biyu daga folda, haka ma zai buɗe amma da damar rubutu. In bai samu harafi ba ka danna dama a kan fatishan ɗin ka ba shi da Change Drive Letter. In kuma Windows ta ce a yi Format ko Initialize, Cancel za ka danna da sauri, ba ta gane tsarin ba ne kawai, ba wai babu komi ba. In foldar Users ta ce ba ka da izini, robocopy da ƙarin /B daga Command Prompt na admin zai kwaso. Ka gama, danna dama a kan diskin, Detach VHD.

Mataki na 6: hanyar Linux, mai buɗe kusan komi

Tada Ubuntu daga filasha ka zaɓi Try Ubuntu, kada ka kuskura ka danna Install. Jona intanet, buɗe taminal:

sudo apt update
sudo apt install qemu-utils libguestfs-tools

In ya ce bai ga na biyun ba, buga sudo add-apt-repository universe ka sake. Sai ka tambayi diskin ko shi wane ne:

qemu-img info diski.vmdk

Za ka ga virtual size da disk size. Na farko girman da injin ke gani ne, na biyu abin da ya ci a zahiri. Diski mai giga 100 na iya zama giga 20 kawai a ƙasa, amma in ka juya shi zuwa raw, wato kwafin diskin tsurarshi, a kan exFAT duk 100 ɗin zai cinye, ka yi lissafi da wannan.

Hanya mai sauƙi ita ce guestmount:

sudo mkdir /mnt/diski
sudo guestmount -a diski.vmdk -i --ro /mnt/diski

Wannan -i ɗin shi ke sa ya binciko tsarin da kanshi har da LVM, wato wata hanyar da Linux ke tsara fatishan, --ro kuma kallo kawai. Yana ɗan jinkiri kafin ya buɗe, ka yi haƙuri. In ya kasa ganewa, sudo virt-filesystems -a diski.vmdk --all --long -h zai jero fatishan ɗin, sai ka cire -i ka sa -m /dev/sda2 ko wacce ka ga ta fi girma.

In data ba ta isa sauke libguestfs ba, don yana da nauyi, qemu-utils kaɗai ma ya isa, amma ka fara buga layin mkdir ɗin da ke sama:

sudo modprobe nbd max_part=16
sudo qemu-nbd --connect=/dev/nbd0 --read-only diski.vmdk
lsblk /dev/nbd0
sudo mount -o ro /dev/nbd0p2 /mnt/diski

Injin da wuta ta yanke mishi, irin na ɗalibin nan na Aliero, sau da yawa mount zai ƙi don ext4 na son ta ƙarasa rubutun da ta bari, mu kuma mun hana rubutu. Sai ka ce -o ro,noload, in XFS ce -o ro,norecovery. In lsblk -f ya nuna LVM2_member, wanda Ubuntu Server ke yi in ba ka hana ta ba, buga sudo vgscan sannan sudo vgchange -ay, za ka same shi a /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv. In kwamfutar da kake kai ita ma sunan nata ubuntu-vg ne za su yi karo, nan guestmount ya fi.

Kwasar kaya:

sudo rsync -avh --progress /mnt/diski/home/ /media/ubuntu/diskinka/kaya/

Ka tuna da ɓoyayyun fayiloli masu fara da ɗigo, rsync na ɗauko su amma jawowa da linzami na iya barinsu. Masu aikin shafin intanet ku duba /var/www. Databes kuma a /var/lib/mysql yake, ko C:\xampp\mysql\data ga masu XAMPP, kuma foldar duka ake ɗauka har da ibdata1, ɗaukar foldar databes ɗaya kaɗai ba ta tashi. Sannan sai ka mayar da ita kan MySQL ko MariaDB mai lamba irin ta asali ka fitar da ita da mysqldump.

Wanda taminal ke ba tsoro akwai mafita. Ka yi sabon inji a VirtualBox, ka sa mishi fayil ɗin Ubuntu a matsayin faifai, ka jona kwafin diskin a Storage, ka tada Try Ubuntu, diskin zai fito a manhajar Files ka kwashe zuwa filasha. Wagga hanya tana iya rubutu a diskin, saboda haka a kan kwafi na biyu ake yinta.

Mataki na 7: in diskin na kulle ko ya lalace

BitLocker, kullen Windows, na buƙatar lambar ceto mai lambobi 48, sau da yawa tana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar. LUKS na Linux da kullen VirtualBox kalmar sirri suke so. In babu, gaskiya babu, kada wani ya karɓi kuɗinka ya ce zai fasa.

In fayil ɗin kanshi ne ya lalace, qemu-img check zai gaya maka. Juya shi zuwa raw:

qemu-img convert -p -O raw diski.vmdk diski.raw

Sai ka sa mishi TestDisk, yana gano fatishan da ta ɓata har ya bar ka ka kwafi fayiloli da sunayensu. In ya gaza sai PhotoRec, tare suke zuwa, aikin Christophe Grenier ne ɗan Faransa kuma kyauta. PhotoRec na tsamo hotuna da takardu amma ba suna ba folda, dubbai za su zubo sai ka zauna tsinta. Wurin zubawar ya zama daban da wurin da diskin yake in da hali.

Mataki na 8: cirewa da tabbatarwa

Da tsari ake kwancewa, daga na ƙarshe zuwa na farko. In guestmount ne, sudo guestunmount /mnt/diski. In nbd ne, sudo umount /mnt/diski, in ka kunna LVM sai sudo vgchange -an ubuntu-vg, sannan sudo qemu-nbd --disconnect /dev/nbd0. In ya ce busy, taminal ɗinka na cikin foldar ne, buga cd ka fita ka sake. Sai sync, ka jira ya dawo kafin ka zare diskin waje.

Kafin mai kaya ya tashi ka jera fayilolin bisa kwanan wata, ka tambaye shi ranar ƙarshe da ya yi aiki, ku ga ko ta yi daidai da fayil mafi sabo. In akwai tazarar makonni, koma mataki na 3, akwai sinafshot da ka tsallake. Ku buɗe takardu 5 ko 6 daga foldoji daban-daban, har da babba guda ɗaya, ya gani da idonshi. Ni tun abin mai kemis nikan ce kada a yi wa kwamfutar fomat sai bayan mako 1, kwafin foldar kuma yana nan wurina har sai ya kira ya ce komi ya buɗe, ranar nike goge shi.